An Biya Kuɗin Saye, An Karɓi Haya: Kwamfutocin Makarantun Zamfara da Mabuɗin da Ke Hannun Kamfani

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10. Babu kwamfutar da ta ƙone a ranar. Allo yana haske kamar jiya, maɓallai suna amsawa, fankar ciki tana juyawa. Abin da ya canza shi ne kamfanin ya yanke daga hedikwatarsa ta Amurka cewa zamanin waɗannan injina ya wuce, kuma magajiyar da ya fitar, wato Windows 11, ba ta hawa akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018, domin tana neman sabon samfurin ƙwaƙwalwa da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwamfuta na wata sakandare a Tsafe ko Bunguɗu, ko shagon buga takardu a Gusau, ya san shekarun injinan da ke wurin. Da yawansu na gwanjo ne tun ranar da aka sauke su daga mota.

Zagin kamfanin abu ne mai sauƙi, amma ba ya gyara komai, domin ɗan kasuwa ribarsa yake nema kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Babban laifin yana cikin takardar kwangila. Kowace shekara ma'aikatu da manyan makarantu da 'yan majalisa suna sayen kwamfutoci da kuɗin jama'a. Takardar takan faɗi adadi, ta faɗi girman ma'ajiya, ta faɗi farashi da ranar kawowa. Abin da ba kasafai take faɗa ba shi ne cewa dole mai sayarwa ya tabbatar injin zai iya ɗaukar manhaja mai 'yanci, a gina ta a kansa, a gyara ta a kansa, ba tare da neman izinin kowa ba. Hukumar da ta sa hannu a kwangila ba tare da wannan sharaɗi ba, kuɗin saye ta biya amma haya ta karɓa, kuma mai gida yana iya tayar da ɗan haya ranar da ya ga dama.

Mene ne gina manhaja?

Kowace manhaja tana da fuska biyu. Akwai rubutun asali, wanda ɗan'adam ya rubuta da wani harshe na shirya manhaja irin su C, kuma wani ɗan'adam zai iya karantawa ya gane. Akwai kuma abin da injin yake fahimta, jerin lambobi da ba mai iya bi da ido. Tsakanin biyun akwai wata manhaja da ke aikin tafinta, tana karɓar rubutun asali tana mayar da shi harshen wannan inji na musamman. Wannan aiki shi ake kira gina manhaja. Wanda yake da rubutun asali da tafinta zai iya ɗora manhajar a kan injin da yake da shi, ya cire abin da ya yi nauyi, ya gyara kuskure, ya ƙara abin da wurinsa ke bukata. Wanda aka ba shi gininniyar manhaja kawai, sai dai ya danna ya jira.

Manhaja mai 'yanci ita ce wadda lasisinta ya ba kowa damar ya yi amfani da ita, ya karanta rubutun asalinta, ya canza shi, ya kuma raba wa wasu. Kalmar "kyauta" tana ɓatar da ma'anar, domin batun na iko ne kafin ya zama na kuɗi. Amma 'yancin da lasisi ya bayar bai isa ba idan ƙarfen da za a ɗora manhajar a kai a kulle yake. Kowane sashe na kwamfuta, daga guntun da ke kama intanet ta iska zuwa firinta da na'urar ɗaukar zanen yatsa, yana bukatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, mai haɗa shi da uwar manhajar. Idan kamfanin da ya ƙera sashen ya ƙi sakin direba sai na Windows, ya kuma ƙi bayyana yadda sashen yake aiki, to rijiya ta ba da ruwa guga ya hana.

Manomin Karakkai ya san wannan lissafi ba tare da ya taɓa kwamfuta ba. Idan zai sayi injin ban-ruwa ko injin niƙa, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai kayan gyaransa a kasuwar Gusau, kuma ko makanikin garinsu zai iya kwance shi. Injin da sai an jira injiniyan kamfani daga Legas, ko da ya fi kyau, ba ya ɗaukarsa. Abin mamaki shi ne wannan tambaya da manomi yake yi kan injin kuɗi kaɗan, jami'in da ke sa hannu kan kwangilar miliyoyi ba ya yin ta.

Darasin da Unix ya bari

An yi wannan rikici an gama shi a wata duniya shekaru talatin da suka wuce, kuma sakamakonsa a rubuce yake. A shekarun 1980 da 1990 jami'o'i da ɗakunan bincike na Amurka da Turai sun dogara da wasu kwamfutocin tebur masu ƙarfi da tsada, na injiniyoyi da masana kimiyya. Kowane kamfani yana ƙera injinsa ya ɗora masa nasa samfurin uwar manhajar Unix: Sun Microsystems da SunOS sannan Solaris, Hewlett-Packard da HP-UX, IBM da AIX, Silicon Graphics da IRIX. Sunan uba ɗaya ne amma kowa ya sauya wani abu, har manhajar da aka rubuta a kan ɗaya ta ƙi ginuwa a kan ɗaya sai da wahala. Masu amfani da injinan kuwa suna musayar manhajoji masu 'yanci a tsakaninsu, kuma duk suna zuwa ne a matsayin rubutun asali, sai kowa ya gina da kansa.

Sai Sun ya yi wani kuskure da ya zama darasi. Tsohuwar SunOS tana zuwa da tafintan harshen C a cikinta. Da kamfanin ya fitar da Solaris 2 a 1992, sai ya cire tafintan ya mayar da shi hajar da za a saya daban. Mutum ya biya dubban daloli ya sayi inji, sannan a ce masa ba zai gina komai a kai ba sai ya ƙara wani kuɗin. Masu sayen ba su tsaya roƙo ba. Tun 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU don samar da Unix mai 'yanci, kuma a 1987 ya saki tafintansa mai suna GCC. Wani ƙaramin kamfani, Cygnus, wanda aka kafa a 1989 don sayar da aikin kula da manhajoji masu 'yanci, ya tara kuɗi daga masu bukata ya daidaita GCC ya hau Solaris. Mutanen da a da ba su damu da GCC ba suka rungume shi, kuma da suka saba da shi sai suka fara tambayar kansu me ya sa sauran kayan aikin ma ba za su zama masu 'yanci ba. A daidai wannan lokaci David MacKenzie ya soma Autoconf a 1991, manhajar da ke leƙa inji ta gano bambance-bambancensa ta daidaita ginin da kanta, wato magani ga rarrabuwar da kamfanonin suka haifar da gangan.

Daga nan kamfanonin suka fara sassautowa ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe wata cibiya a Jami'ar Liverpool ta Ingila da ke daidaita manhajoji masu 'yanci don HP-UX. Silicon Graphics ya ware rumbu na irin waɗannan manhajoji da aka riga aka gina wa IRIX. Sun ya fara haɗa faifan manhajoji masu 'yanci da Solaris. IBM ya fitar da tarin kayan aikin GNU don AIX, kuma a ƙarshen 2000 ya sanar zai zuba dala biliyan 1 a kan Linux. A 2005 Sun ya saki rubutun asalin Solaris da sunan OpenSolaris, ya kuma daina karɓar kuɗi kan tafintan da ya cire shekaru goma sha uku baya. Babu ɗayansu da ya yi haka don tausayi. Jami'o'i da hukumomin bincike da ke sayen injinan ne suka nuna cewa kuɗinsu zai tafi inda ƙofa take a buɗe.

Ga waɗansu, sassaucin ya zo a makare. Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991, ya riga ya hau kwamfutoci masu araha ya yi aikin da a da sai injin mai tsada. Silicon Graphics ya karye a 2009. Oracle ya saye Sun a 2010 kan dala biliyan 7.4, ya rufe OpenSolaris, amma rubutun da aka riga aka saki bai komu cikin kwalba ba, domin wasu sun ci gaba da shi da sunan illumos. Cygnus kuwa Red Hat ya saye shi a 1999, shi kuma Red Hat IBM ya saye shi a 2019 kan dala biliyan 34. Tun watan Nuwamban 2017, duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux ke tafiyar da su. Abu biyu suka fito fili daga wannan tarihi: kamfani yana buɗe ƙofa ne idan mai saye ya matsa, kuma manhajar da rubutunta yake hannun jama'a tana rayuwa bayan mutuwar kamfanin da ya haife ta.

Abin da ya faru a Najeriya a 2007

Kada a ɗauka wannan labarin Turawa ne. A 2007 Najeriya ta yi odar ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 samfurin Classmate na kamfanin Intel, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. An kammala ciniki, an fara kawo kaya. Sai labari ya ɓulla cewa kamfanin da ke aiwatar da aikin a Najeriya zai goge Linux ɗin ya ɗora Windows. A ƙarshen Oktoban shekarar shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana tambayar me aka yi har mai saye ya biya kuɗin abu sannan ya ce zai jefar da shi. Rahotannin manema labarai na lokacin sun ambaci wata yarjejeniyar talla ta dala 400,000 da ake tattaunawa tsakanin Microsoft da kamfanin na Najeriya, shi kuwa Microsoft ya ce bai karya wata doka ba. Daga baya asusun USPF na gwamnatin tarayya, wanda ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya fito ya ce Mandriva yake so a bari.

Abin lura a nan shi ne wanda ba a ji muryarsa ba a duk cece-kucen: malamin da zai koyar da kwamfutar, da ɗalibin da zai riƙe ta. An yanke abin da dubban yara za su saba da shi a teburin da babu wakilinsu. Abin da ya tsayar da sauyin kuwa kalma ɗaya ce daga mai biyan kuɗi. Kamfanin Mandriva kansa ya rushe a 2015, amma manhajarsa ta ci gaba a hannun masu sa kai da sunayen Mageia da OpenMandriva. Ita kuwa Windows XP, wadda ake ɗora wa irin waɗannan injina a lokacin, an daina kula da ita tun 2014, kuma doka ba ta ba kowa damar ya ɗauke ta ya ci gaba da gyara ta ba.

Me ya shafi Karakkai?

Mai karatu yana iya cewa jihar da ke fama da 'yan bindiga da rufaffun makarantu tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Gaskiya ne, amma halin da Zamfara ke ciki shi ne ya sa batun ya fi tsanani a nan fiye da Legas ko Abuja.

A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara bisa bukatar gwamnatin jihar. Makonni biyu aka ce, amma ya zarce. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran yankuna sai daga baya. Mutane suna fita jihohin maƙwabta don kiran waya ɗaya ko tura saƙo. Yanzu a auna wannan da yadda manhajojin kamfanoni suka koma. Microsoft 365 tana son ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 don ta tabbatar an biya kuɗin haya, in ba haka ba ta taƙaita kanta, a iya karanta takarda amma ba a iya gyara ta. Samfurin Windows 11 na gida yana neman intanet da asusun kamfanin tun wurin kunnawar farko. An tsara waɗannan dokoki ne don mutanen da layinsu ba ya yankewa. A gefe guda, Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin rassan Linux da aka kafa a 1993, tana da manhajoji fiye da 50,000 waɗanda za a iya kwafe su duka, har da rubutun asalinsu, a ma'ajiya ɗaya da ke shiga aljihu. Kwafi ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Gusau zai iya ciyar da kowace makaranta daga Tsafe zuwa Bunguɗu ko da an kashe layi shekara guda. Sharaɗin kawai shi ne injinan su yarda su ɗauka.

Sai batun kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance bai kai naira 500 ba. A farkon 2024 ya haura naira 1,500. Lasisin da ake lissafa shi da dala ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba, kasafin makaranta kuwa yana nan inda yake. Kowa ya san yadda ake cike wannan giɓi: kwafin sata, wanda mai gyara yake ɗorawa daga filashinsa, sau da yawa tare da ƙwayoyin cutar da ke cinye takardun ofis. Hukumomin da ke koyar da bin doka suna tafiyar da aikinsu a kan manhajar da ba su da haƙƙinta, alhali akwai halattacciya da ba ta bukatar ko kwabo na lasisi.

Na uku shi ne harshe. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba ado ba ne, su ke raba "ƙasa" da "kasa". Tsarin allon rubutu na Linux yana da jerin maɓallan Hausa a cikinsa, kuma idan malami a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau ya ga bai dace da hannun ɗalibansa ba, fayil ne na rubutu da zai buɗe ya gyara ya raba wa kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an bar masa tsani zai hau ya toshe.

Kuma ba sabon abu ake roƙon a gwada ba. Tsarin da Najeriya ke tattara alkaluman asibitoci da shi, DHIS2, manhaja ce mai 'yanci da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta. Ma'aikatan rigakafin shan inna a Arewa sun daɗe suna cike bayanai a waya da ODK, ita ma mai 'yanci ce, kuma tana aiki ba layi sai an dawo gari a tura. SORMAS, da hukumar NCDC ke bibiyar annoba da shi, an fara shi ne bayan cutar Ebola ta 2014 tare da masana na Jamus, kuma rubutunsa a buɗe yake. Wayar Android da ke aljihun kusan kowa a kan Linux take zaune. Manhaja mai 'yanci ta riga ta shiga ƙauyukan Zamfara ta ƙofar asibiti, ɗakin kwamfuta na makaranta ne kawai aka bari a kulle.

Hujjojin masu adawa

Hujja ta farko ita ce kasuwar aiki Windows da Word ta sani, don haka zalunci ne a koya wa yaro wani abu daban. Wannan ya ɗauka cewa aikin makaranta shi ne ta haddatar da wurin da maɓalli yake. Wurin maɓallan Word kansa ya sauya gaba ɗaya a 2007, kuma waɗanda suka fahimci aikin sun saba cikin mako. Yaron da ya iya tsara takarda da lissafin jadawali a LibreOffice zai iya a ko'ina. Ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ko ta Abdu Gusau a Talata Mafara kuwa, lamarin ya juye, domin galibin manyan injinan da ke riƙe da shafukan intanet Linux ne. Wanda ya gama difloma bai taɓa gina manhaja daga rubutun asali ba, an ba shi takarda an hana shi sana'a. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023 yana son horar da masu fasaha miliyan uku, kuma ba a koyon kanikanci a kan motar da aka hana buɗe bakinta.

Hujja ta biyu ita ce babu masu kula da Linux a Zamfara. Akwai gaskiya a ciki, amma dalilin ya kamata a duba. Ba a samu masu gyaran injin ban-ruwa a kowane gari ba sai da injinan suka yawaita. Kuɗin da ke fita ƙasar waje da sunan lasisi, idan aka mayar da shi kwangilar kulawa, zai zauna ne a hannun matasan Gusau. Labarin Cygnus ke nan: kamfanin da bai mallaki manhajar ba, aikin kula da ita kawai ya sayar.

Hujja ta uku ita ce birnin Munich na Jamus ya gwada ya ja da baya. Haka ne. Birnin ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, sannan majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017. Amma a ƙasar ta Jamus ɗin, jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikata kusan 30,000 kan manhajoji masu 'yanci. Misalin da ya fi kusa da halin Arewa shi ne jihar Kerala ta Indiya, wadda ta mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux shekaru da dama da suka wuce, ta hanyar horar da malaman da take da su. Darasin Munich shi ne sauyin da ba a tanadar wa horo da haƙuri ba yana iya rushewa. Bai nuna cewa kulle ƙofa dabara ce ba.

Hujja ta huɗu ta fi sauran ƙarfi: akwai manhajojin wasu hukumomi da bankuna da ba sa tafiya sai a kan Windows, kuma Microsoft ya ba makarantu damar tsawaita tsaron Windows 10 kan dala 1 kacal ga kowane inji a shekarar farko. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai farashin yana ninkawa kowace shekara, kuma shirin yana ƙarewa a 2028. Jinkiri ne aka saya. Sannan ba wanda ya ce a haramta Windows. Ofishin da ke bukatarta ya saye ta da lasisi na halal. Abin da ake nema shi ne injin da aka saya da kuɗin jama'a ya kasance yana da ƙofa ta biyu, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya kamata a rubuta

Gyaran bai bukatar sabuwar doka daga Abuja. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta bar wa hukumar da ke saye ikon fayyace irin kayan da take so, kuma hukumar NITDA tana da hurumin tantance ayyukan fasahar sadarwa na hukumomin tarayya. Abin da ya rage shi ne a ƙara sakin layi kaɗan a takardar neman 'yan kwangila.

A rubuta cewa kafin a biya kuɗi, za a kunna samfurin injin da wani sanannen reshe na Linux a gaban kwamitin karɓa, a ga allo da sauti da intanet da firinta duk suna aiki. Wannan ba abu ne mai wuya ba, domin Dell da HP da Lenovo duk suna da samfuran da aka tabbatar suna tafiya da Ubuntu. A rubuta cewa ba za a kulle saitin farko na injin da kalmar sirrin da ɗan kwangila kaɗai ya sani ba. A rubuta cewa farashin ƙarfe da farashin lasisi za su zo a layi daban-daban, don a san nawa ake biya wa kowanne. A rubuta cewa duk manhajar da aka biya wani ya rubuta wa hukuma, rubutun asalinta da bayanin yadda ake gina ta mallakin hukumar ne, kuma sai ma'aikacinta ya gina ta da hannunsa an gani kafin a saki kuɗin ƙarshe. A kuma ware wani kaso na kwangilar don horar da malamai biyu ko uku a kowace makaranta. Ƙa'idojin NITDA na 2013 sun bukaci hukumomin gwamnati su fifita kwamfutocin da ake harhaɗawa a cikin gida, kuma kamfanin da aka tanadar wa kasuwa irin wannan ba shi da bakin cewa sharaɗin ya yi masa nauyi.

Manyan kamfanoni ma suna lanƙwasuwa idan bukata ta yi ƙarfi. AMD ya fara sakin bayanan guntayen hotonsa a 2007. Nvidia, wanda ya daɗe yana turjiya, ya buɗe wani sashe na direbobinsa na Linux a 2022. Jiha ɗaya ba za ta juya irin waɗannan ba, kuma ba a bukatar ta yi. Aikinta shi ne ta zaɓi samfurin da aka riga aka buɗe ta bar wanda aka kulle, kuma wannan yana cikin ikon shugaban jami'a, da shugaban kwaleji, da babban sakataren ma'aikatar ilimi, da duk wanda ke rubuta bukatar da za a aika wa asusun TETFund.

Zamfara ta san abin da ake nufi da aikin da aka kawo a kammale daga waje. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda wani kamfanin Italiya ya gina a shekarun 1970, ta zo da tsarin ban-ruwa na feshi mai dogaro da injina da kayan gyara na ƙetare. Wannan sashe ya tsaya, aka bar manoma da magudanan da ruwa ke gangarowa da kansa, waɗanda suke iya yashewa da hannunsu. Ɗakin kwamfutar da aka yanke masa ƙyalle aka ɗauki hoto, sannan bayan shekaru uku aka rufe shi saboda lasisi ya ƙare ko ɗan kwangila ya tafi da kalmar sirri, ƙaramin Bakolori ne. Bambancin shi ne a wannan karon maganin ba ya cin ko sisi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da za a iya tilasta wa mai sayarwa ya miƙa mabuɗi ita ce ranar da kuɗin yake hannun mai saye.